A Kan Ruwa Babu Gefen Titi

Ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni bayan la'asar, bakinsa har kunne. Shekara huɗu ya yi a garejin manyan motoci, an yaye shi, ga shi kuma wani ya yi masa hanya ya samu aikin kula da inji a wani jirgin dakon kaya a kogin Kwara. Na taya shi murna, sannan na tambaye shi ko ya taɓa sa hannu a injin jirgi. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, ai inji inji ne. Wanda ya iya na tirela, na jirgi wasa ne." Ban tanka masa ba a lokacin, don kaina na gani a cikinsa. Da irin wannan bakin ni ma na shiga jirgi, ruwa ne ya gyara mini zama. Da ya tafi sai na ga gara in zauna in rubuta, domin shi da ku duka samarin da neman abinci ke kai ku bakin ruwa, daga Yawuri da Baro da Lakwaja, zuwa Gaya da Baga, har Legas da Fatakwal.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Injin gas, ko dizal, ko gazuwal kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa, halinsa ɗaya ko'ina aka girke shi. Ba shi da fulogi, ba shi da kafireto. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Tun 1897 da Rudolf Diesel ya tayar da na farko da ya yi nasara a garin Augsburg na Jamus, dabarar ke nan. Sauƙin ginin nan ne ya ba shi tsawon rai, shi ya sa manyan jiragen katako masu ɗaukar buhuna, da na haƙar yashi, da na sintiri, da masu ja ko tura wasu jiragen, duk suka dogara da shi, suka bar wa ƙananan kwale-kwale injin fetur na ratayawa a baya, irin su Yamaha. In ka ba shi mai mai tsabta da iska da ruwan sanyaya da baƙin mai, zai yi ta aiki har kai ka gaji.

To me ya sa ake yawan jin ya mutu a tsakiyar ruwa? Ba a nan kaɗai ba, har Ingila. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda ke fitar da mutane daga teku tun 1824, ta sha faɗa cewa lalacewar inji na kan gaba cikin dalilan da ke sa masu ƙananan jirage su kira ta. Ni dai a shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya in tuna ranar da ƙarfen injin ne ya ci amana da kansa, a ce karanshaf ya karye haka kawai. Kusan kullum in aka bi diddigi, ko dai wani abu ne aka ba shi da bai kamata ba, ko wani abu aka hana shi.

Inda ɗan ƙanwata ya yi kuskure shi ne wurin da injin ke zaune. Mota tana hawa tudu ta gangara, a gangare inji ya huta, a miƙaƙƙen titi ka sa babbar giya ya numfasa. Farfela a cikin ruwa kuwa kullum tudu take hawa, tun daga tashi har sauka. Mota lagireto gare ta, iska ke sanyaya ta. Jirgi ruwan da yake tafiya a kai yake zuƙa, da duk abin da ke cikinsa. Babban bambancin ma yana gaba. Mota in ta mutu, ka gangara gefe, ka sa dutse a taya, ka tura yaro kan babur ya sayo abin da ya lalace, kai kana shan inuwa. Jirgi in ya mutu bai tsaya ba. Ba shi da birki, sitiyarinsa kuma ba ya jin magana sai farfela na turo masa ruwa. Daga wannan lokacin iska da ƙarfin kogi ne matuƙa, su kuwa ba su san kana da mata da yara a ciki ba.

Bari in ba ku labarin ranar da na koyi wannan.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina yaron inji a wani jirgin katako a tafkin Kainji. Farkon damina ne, ranar kasuwa, mun ɗauko buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi da mata 'yan kasuwa za mu koma gida. Da safe na duba baƙin mai, na duba fambel, na goge inji har yana ƙyalli. Cikin tanki ne ban duba ba, don wa ke leƙa cikin tanki? Muna tsakiya hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da ke kwance kamar tabarma ya fara tashi, jirgi ya shiga sukuwa. Ba a jima ba na ji muryar inji ta canja: ya yi ƙasa, ya ɗago, ya sake yin ƙasa, kamar yaro mai shessheƙa. Na ƙara totur, bai amsa ba. Sai ɗif. Jirgi ya juya a hankali ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, ruwa ya fara tsallakowa ta gefe yana jiƙa buhuna. Mata suka ɗauki salati. Akwai wata tsohuwa da ta rungume jikanta, ba ta ce uffan ba, ni kawai ta zuba wa ido. Har yau ina ganin idon nan.

Maigidana tsoho ne Basarke, a ruwa aka haife shi. Bai daka mini tsawa ba. Ya sa aka jefa anga, Allah ya taimake mu wurin ba zurfi can, ta kama, kan jirgi ya juyo ya fuskanci iska. Ya sa maza biyu kwasar ruwa, sannan ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Kwance filta." Na kwance, hannuna na rawa. Abin da ya zubo baƙi ne mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana, ga ruwa a ƙasansa. Ya miƙa hannu ƙarƙashin mazauninsa ya jawo wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro sabuwar filta naɗe a leda, wadda ban ma san da ita ba. Ya zare tiyon mai daga tanki ya tsoma shi cikin wata jarka da yake ajiye da mai mai kyau. Daga nan muka shiga fitar da iska: ya sassauta notin kan filta, ina danna ɗan famfon hannu, kumfa na fita, kumfa na fita, har mai zalla ya biyo. Ya ɗaure, ya koma kan bututun nozul da sifana, ya sassauta, na buga kik, mai ya tsarto, ya ɗaure. Inji ya yi tari sau biyu ya kama. Sai da muka sauke mutane a gaɓa ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan dattin ba yau ya shiga ba. Ya shekara a kwance yana jiran iska."

A kan mai zan fi daɗewa, don nan ne mafi yawan ɓarnar take. Ruwa ya fi man gas nauyi, saboda haka duk ɗigon da ya shiga tanki gindi yake sauka ya zauna. Hanyoyin shigarsa da yawa. Duron da aka bari a tsaye a waje, ruwan sama ya taru a kan murfinsa, da dare in ya huce sai ya zuƙe ruwan ta bakin murfi. Tankin da ake bari rabi, raɓa na taruwa a jikinsa daga ciki. Murfin tankin da robarsa ta mutu. Sai kuma hannun mutumin da ba ya tsoron Allah. Daidai inda ruwan nan ya haɗu da mai akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna cin man suna hayayyafa, su ne ke haifar da baƙin yauƙin da na gani a hannuna. Ranar da ruwa ke kwance ba za ka san da su ba, don suna can ƙasa. Ranar da jirgi ya fara rawa, sai komai ya gauraye, famfo ya zuƙa, filta ta toshe. Abin takaicin ke nan: injin ba ya mutuwa ranar da kake da sararin gyara shi, sai ranar da ka fi bukatarsa.

Ku kuma san cewa injekta da nozul ba kayan wasa ba ne. Ramin da mai ke fita a bakin nozul, kamar silin gashi yake. A tsofaffin injuna ƙarfin da ake matsa man ya kai ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, a sababbi masu kwamfuta kuwa ana maganar ninki dubu. Man da kansa shi ne ke shafe ƙarafan da ke ciki don kada su ci juna. Shi ya sa a da, lokacin da kananzir ke da araha ana sirka gas da shi, famfuna suka riƙa mutuwa, don kananzir ba shi da maiƙo. A 2022 litar gas a Najeriya ta tashi daga wajen naira 300 a farkon shekara zuwa sama da 800 a ƙarshenta, kuma duk lokacin da mai ya yi tsada kasuwar algus ke buɗewa, har da ɗanyen tacin da ake yi a dazukan Neja Delta. Na san ba ko'ina ake samun gidan mai a bakin ruwa ba, dole wata rana ka saya wurin 'yan bumburutu. Ban ce kada ka saya ba. Na ce ka nemi farar kwalba mai haske ka ajiye a jirgi. Ka zuba man a ciki, ka ba shi 'yan mintuna, ka ɗaga shi ta rana. Mai kyau garau yake. In ka ga ya yi hazo-hazo, ko wani abu ya kwanta a gindi, ka mayar wa mai shi abinsa, ko da surukinka ne. Duro kuma a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kada tiyo ya taɓa gindinsa, a bar wajen taƙi ɗaya. Tsumman da kuke ɗaura wa bakin mazurari yana tare ƙasa, amma ruwa wucewa yake, har ma ya ƙara muku da zare.

Jirgin kirki filta biyu gare shi: ta farko mai kofin gilashi a ƙasa wadda ke raba ruwa da mai, ta biyu a jikin inji. In naku ba shi da ta farkon, ku matsa a sa, ba ta kai kuɗin nozul ɗaya ba. Kowace safiya a tsiyaye kofin. Sau ɗaya a shekara, lokacin da aiki ya ja baya, a buɗe tanki a wanke gindinsa da hannu. Kuma ka koyi fitar da iska a gaɓa, da rana tsaka, ka maimaita har hannunka ya san kowane noti ba sai ka duba ba, don ranar da za ka bukace shi jirgi na rawa ne, fitila a bakinka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lissafin mai kuma kashi uku ake yi: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Tankin da ya yi ƙasa, in jirgi ya karkata sai bakin tiyo ya fito fili, inji ya sha iska ya mutu alhali akwai sauran mai.

Kada ku ɗauka wannan ciwon talaka ne. A ranar 23 ga Maris 2019 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Viking Sky, shekararsa biyu kacal da fara aiki, ɗauke da mutum 1,373, ya shiga guguwa a Hustadvika, gaɓar ƙasar Norway. Injunansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, iska ta riƙa tura shi zuwa duwatsu. Jirage masu saukar ungulu suka yi ta kwashe mutane da igiya, sama da 400. Da aka bincika, baƙin mai ne ya yi ƙasa. Tankunan suna tsakanin kashi 28 zuwa 40 cikin 100, alhali masu ƙera injin sun ce a riƙe su wajen 68 zuwa 70. Ruwa na kwance, hakan na isa. Da jirgi ya shiga tangaɗi sai famfo ya riƙa zuƙar iska maimakon mai, injunan suka kashe kansu don kada su buga. Injiniyoyi masu takardu, jirgi na miliyoyin daloli, amma kuskuren nan shi ne dai nawa na tafkin Kainji. 

Sai ruwan sanyaya. A nan makanikin mota ya fi shan mamaki. Akwai rami a ƙasan jirgi inda ruwa ke shiga, ya bi ta rariya, ya isa wani ƙaramin famfo. A cikin famfon akwai 'yar roba mai fukafukai, masu aikin suna ce mata impela, ba ta wuce ka rufe ta a tafin hannu ba. Ita ke tura ruwa ya ratsa wasu siraran bututu ya kwashe zafin inji, sannan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Ran injin duka a hannun wannan 'yar roba yake. Ruwan ne ke shafe ta, saboda haka in leda ko kainuwa ko guntun taru ya toshe ramin shiga, ta juya a bushe, kafin ka gama amsa waya ta ƙone. Da rani kuma, in kogi ya ja baya ana bin wurare marasa zurfi, yashi take sha, shi kuwa cinye ta yake kamar ana goga ta da dutse.

Dabarar ba ta da tsada. Da zarar inji ya tashi, kafin ka kwance igiya, ka leƙa baya ka ga ruwa na fita daga salansa. In babu, kashe. Kana tafiya kuma kunnenka na can: salansa mai ruwa muryarta a danne take, in ta bushe sai ta koma ƙara kamar ta babur. Ranar da ka buɗe famfo ka tarar fukafukan impela sun kakkarye, kada ka sa sabuwa ka rufe kana murna. Ƙirga su. In shida ne ka ga huɗu, biyun suna gaba sun maƙale a bakin siraran bututun nan, kuma sai ka zaƙulo su. Na taɓa ganin wani ya canja impela sau uku cikin wata ɗaya yana zagin masu sayar da kaya, injin na ta ɗaukar zafi, ashe guntayen ta farkon ne ke zaune a ciki.

Wani tarkon da mota ba ta da shi: in inji ya ƙi tashi kana ta buga kik, famfon nan yana ta ɗura ruwa a salansa, ga shi babu hayaƙin da zai kore shi waje. Ruwan sai ya cika ya koma da baya ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, bugu ɗaya sandar fistin ta lanƙwashe. In ka buga sau biyu, sau uku bai kama ba, rufe makullin shigar ruwa, ka nemi dalili, amma kada ka manta ka buɗe da zarar ya tashi. Ku da za ku Legas ko Fatakwal kuna da ƙarin abokin gaba, gishiri. Akwai wasu guntayen ƙarfen zinki da ake ɗaurawa a inji da kusa da farfela don gishiri ya ci su maimakon ya ci injin. In sun cinye rabi a canja, kada a shafa musu fenti.

Inji yana magana, sai dai ba kowa ke jin yarensa ba. Baƙin hayaƙi, yana cewa an yi masa nauyi ko iska ba ta isarsa: lodi ya yi yawa, ko taru ya naɗe farfela, ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai yake ƙonawa, ringi sun gaji. Fari mai warin gas, mai ne bai ƙone ba, duba nozul. Fari mara wari mai saurin bajewa kuwa tururi ne, ruwan sanyaya ya yi kaɗan. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada ka tayar. Ka ga kuma man na ƙaruwa maimakon raguwa, kada ka ce albarka ce, gas ne ke zuba a ciki. Irin wannan injin wata rana zai fara shan baƙin man nasa ya zabura da gudu, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Toshe masa hanyar iska ake yi da katako ko wani abu mai ƙarfi. Kada ka kuskura ka sa tafin hannunka.

Wuta ba zan daɗe a kanta ba, kun fi ni saninta. Laima ce dai ke cin kan batir da bakin wayoyi a jirgi fiye da mota, a kankare a shafa girisi, a ɗaure tam. Wanda ya raina sako-sakon waya ya tuna da Dali, jirgin kwantena mai tsawon kusan mita 300 da wuta ta ɗauke masa a Baltimore ta Amurka ranar 26 ga Maris 2024, ya daki gada ta rushe, ma'aikata 6 suka mutu. Masu bincike sun bi sawu har suka isa kan waya ɗaya da ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Wani abu kuma da ke ci mini rai: ƙararrawar zafi ko ta baƙin mai ta dame ka da kuka, sai ka cire mata waya don a samu lafiya. Na sha tarar da haka. Wannan daidai yake da ka ɗaure wa maigadi baki don yana hana ka barci.

Yanzu ga maganar da ta fi sifana wuya, maganar mutane. Mai jirgi yana gida yana lissafi, shi abin da ya sani jirgi ya je ya dawo da kuɗi. Kai ne kake jin muryar inji. In ka je masa da "Alhaji, a sayi filta," zai ce ba jiya aka saya ba? Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi shiru. Ka je masa da tsohuwar filtar a hannu, ka zuba abin da ke ciki a gabansa. Ka sayi littafi ɗan ƙarami ka riƙa rubuta awoyin da inji ya yi kullum, don jirgi da awa ake masa lissafi, ba da kilomita ba. Yawancin injuna tsakanin awa 100 zuwa 250 ake musu juye, ka bi abin da littafin naka injin ya ce. Mutumin da ya zo da rubutu, maganarsa ta fi nauyi. Ku ma kuma ku ji tsoron Allah. Na san abin da ake yi: a karɓi kuɗin sabuwar filta, a wanke tsohuwa da fetur a mayar, a sa canji a aljihu. Ko a sayo jabu mai kwali irin na asali. A gareji in ka yi haka ka cuci mutum ɗaya da kuɗinsa. A jirgi kai ma kana ciki.

Lodi kuma ba naka ba ne, amma kana da baki a kai. Injin da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa ba zai kai gudun da aka ƙera shi a kai ba, zai yi ta baƙin hayaƙi yana dahuwa. Ka san iyakar gudunsa, ka riƙe shi wajen kashi uku cikin huɗu a doguwar tafiya. Barinsa yana kaɗawa a banza awa da awa ana jiran fasinja shi ma lahani ne, gas ba ya ƙonewa sosai, silinda ta yi santsi, ya fara shan baƙin mai. Ba na so ku fahimce ni a karkace: yawancin rayukan da muke rasawa a ruwayenmu ba inji ne sanadi ba. Jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 da mutum sama da 150, ya dare a hanya, kaɗan suka tsira, maganar lodi da tsufan jirgi aka yi. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse Kainji a 1968, ga tafiyar dare da hukumar NIWA ta hana amma ba a daina ba. Sai dai inda inji ya mutu, duk sauran laifuffukan sai su taru a kanka lokaci ɗaya. A Ogbaru ta jihar Anambra, cikin ambaliyar Oktoban 2022, rahotanni sun ce injin jirgi ne ya tsaya, ruwa ya ja shi ya maka da gada. Mutum 85 ne a ciki, aka ba da sanarwar mutuwar 76.

Saboda haka ka ɗauka cewa wata rana zai mutu duk da ƙoƙarinka, ka shirya wa ranar. Anga ta kasance a gaba, igiyarta a warware, ɗaya bakin a ɗaure da jirgi. Na ga wanda ya jefa anga ta tafi da igiyarta gaba ɗaya. Kada a danne ta da buhuna. Gwangwala da filafili su shiga jirgi ko da matasa za su yi muku dariya. Rigar kariya daga nutsewa ka sa taka tukuna, in fasinja sun ga mai inji ya sa, gardamarsu na raguwa. Waya a cikin leda da caji, kuma wani a gaɓa ya san lokacin da ya kamata ku iso.

Ɗan ƙanwata ya dawo sallama ranar da zai tafi. Uwarsa ta haɗa masa ƙuli-ƙuli da garin kunu, ni kuma na miƙa masa wani gwangwanin madara. Ya buɗe ya ga filta biyu, impela biyu, fambel ɗaya, ɗan littafi da biro, da farar kwalba wadda ba komai a cikinta. Ya ɗaga kwalbar yana juyawa ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na zaunar da shi na faɗa masa abin da na faɗa muku. Kai ma da kake karanta wannan, in ka samu aikin, gobe da asuba ka riga fasinja isa jirgi, ka tsiyaye kofin filta, ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka tayar, ka leƙa baya ka ga ruwa na fita. In kuwa ka ɗaga kwalba ka ga ruwa kwance a gindinta, ana ta ce maka rana na yi a tashi, ka je wurin mai jirgi ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yau sai an wanke tanki."